Ƙwai Tara Ƙarƙashin Firinsifal

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Umma, ki gafarce ni. Na ciro littafinki na kaji daga jikin ƙusa a sito, na buɗe shafin da ba ki fara ba. Na san ba a ba ni ba, kuma ni ba mai iya rubutun da ake ajiyewa ba ce. A makaranta ma in an ce a tashi a karanta a gaban aji, ƙasa nake kallo. Amma tun shekaranjiya da aka tafi da ke asibiti ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke faruwa a bayan gida, kuma ina tsoron in manta kafin ki dawo.

Kaji goma sha ɗaya, duk suna nan. Zakara yana nan da rashin kunyarsa. Talo-talonki biyu lafiya lau. Janar ya wuni yana fareti daga bakin famfo zuwa katanga, ya baza jela, yana jan fuka-fuki a ƙasa, Madam kuwa ko kallonsa ba ta yi. Na ba su dusa kafin in tafi makaranta, na ba su tsaba da na dawo, na wanke kwanukan ruwa har sau biyu.

Firinsifal tana kwance a kan ƙwan Madam guda tara da kika sa mata ranar Asabar da safe. Ba ta yarda kowa ya matso, ta sare ni a bayan hannu kamar na zo makaranta a makare. Kin sha faɗa cewa duk gidan nan ita kaɗai ce kazar da za a ba amanar ƙwan talo-talo, tunda Madam in ta kwanta a kansu nauyinta fasa su yake yi.

Akwai abu guda da na yi da kaina, ina fata za ki ji daɗi. Ranar Asabar ɗin, bayan motar ta fita, na rasa inda zan sa kaina, sai na lura ba ki samu kin ƙara mata ƙwan kaji ba. Kullum tare nake ganin suna fitowa, 'yan tsaki da 'yan talo-talo. Kin ce 'yan tsakin ne ke koya musu cin abinci, don su ba wayo gare su ba. Na zaɓi huɗu masu kyau na tura mata. Yanzu sha uku ne, kuma duk ta rufe su. Ba wanda ya tuna mini, ni na tuna.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi

Goggo ta zo da jakarta, ta ce tana nan har ki dawo. Ko zama ba ta yi ba Janar ya taso mata daga bayan tanki, wuyansa ya yi jawur.

"Auta, zo ki kore mini wannan abu mai wuya kamar an ƙona leda."

Na ce, "Goggo, gaisuwa yake yi."

"To ki ce masa na amsa. Uwarki dai da neman wahala. Mutane na kiwon kaji, ita ta je ta ɗauko dodo."

Na so in faɗa mata da ƙwai biyu kika fara shekara huɗu da suka wuce, kuma duk layin nan babu wadda talo-talo ke rayuwa a hannunta sai ke. Bakina bai buɗu ba. Shi ya sa na rubuta a nan.

Na biyo ta gaban shagon Baba da na taso. Yana kulle. Ta tagar na hango keken ɗinki an rufe shi da zane.

Juma'a, da safe

Baba ya ce da sauƙi. Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Lahadi, ƙarfe shida saura

Na bi Goggo kai abinci. A bakin ƙofa suka ce sai manya, na zauna a benci ina riƙe da kwandon. Na ƙirga tagogin hawa na biyu, goma sha huɗu ne, ban san wacce ce taki ba.

Da muka dawo na share akurki tas, na canza ciyawa, na zuba toka a lungu don su yi wanka. Ban haɗa ruwan talo-talo da na kaji ba, ban kuma bari Janar ya shiga ɓangarensu ba. Na riƙe abin da kika ce, cewa kaji na yawo da ciwon da su bai dame su ba amma yana kayar da talo-talo. Maƙwabciya mai injin niƙa ta leƙo ta katanga ta ce, "Ashe mai kajin ta dawo?" Na ce a'a, ni ce. Ta ce, "Ke kaɗai? To sannu." Na daɗe ina jin daɗin sannun nan.

Firinsifal ta tashi sau ɗaya, ta ci, ta sha, ta kori zakara, ta koma.

Talata, ƙarfe uku

Da na dawo daga makaranta na tarar da Goggo a ɗakinki tana ninke ƙananan rigunan nan da Baba ya ɗinka da ragowar yadi. Ta sa su can ƙasan akwati, ta ɗora barguna a kai. Har da 'yar hular. Ta ce in je in duba shinkafa a wuta. Ba a ɗora shinkafa ba.

Kin tuna kina tsokanata wai in more sunan Auta, saura wata biyu a karɓe shi? Ɗazu Baba ya shigo ya ce, "Auta, ba ni ruwa." Sai ya kau da kai. Na kawo ruwan.

Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba. Kaji lafiya.

Alhamis, ƙarfe biyu da rabi

Umma, na yi kuskure.

Yau Malamin Noma ya rubuta a allo kwanakin da kowane tsuntsu ke yi a kan ƙwai. Kaza, ashirin da ɗaya. Talo-talo, ashirin da takwas. Ina kwafa a littafina sai hannuna ya tsaya. Da aka tashi ban jira kowa ba. Na buɗe littafin nan naki baya, shafukan bara da na bara waccan. Ga su nan da rubutunki: ranar da kika sa na talo-talo kin rubuta T, sannan bayan kwana bakwai cif kin rubuta K. Kowane karo haka. Mako guda kike bari a tsakani don su fito rana ɗaya. Ni fitowar kawai nake gani, ban taɓa ganin jiran ba.

Ke nan 'yan tsakin za su riga 'yan talo-talon fitowa da mako guda. Firinsifal za ta ga 'ya'ya, ta tashi ta bi su, ta bar ƙwanki tara su huce.

Na karanta abin da na rubuta ranar Litinin, inda na ce ni na tuna. Na so in yage shafin, amma littafinki ne.

Juma'a, ƙarfe uku

Na tsaya bayan kowa ya fita. Na rubuta tambayar a takarda don na san muryata ba za ta fito ba, na miƙa wa Malam. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Kwana nawa ke nan?"

"Goma sha uku, Malam."

"To hanya biyu ce. Ko ki cire na kajin yau ki zubar, ko ki bar su ki yi gadi."

"Akwai rai a cikinsu yanzu?"

"Akwai."

Na tambaye shi yadda gadin yake. Ya ce duk ɗan tsakon da ya fito, da ya bushe in ɗauke shi, in kai shi inda ba za ta ji kukansa ba. In ta ga ba 'ya'ya, tana iya ci gaba da kwanci. "Tana iya, na ce. Ban ce za ta yi ba. Kaza ma tana ƙirga nata kwanakin." Ya kuma koya mini yadda ake haska ƙwai da tocila a wuri mai duhu a ga ko da rai.

Har na juya ya ce, "Wa ke kiwon?"

"Ummata ce. Yanzu ni ce."

"Ke da ba ki taɓa ɗaga hannu a ajina ba?"

Na ce eh. Ya yi dariya, amma ba irin ta raini ba.

Zubarwar ce ta fi sauƙi, na sani. Na je har bakin akurki. A wannan makon dai ba zan iya zubar da abin da ke da rai a ciki ba. Zan yi gadi.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wani mutum ya zo da babur da babban kwando a baya. Baba da kansa ya kama Janar. Ya ce, "Auta, riƙe mini igiya." Na riƙe. Madam ba ta yi gardama ba. Janar ya yi ta guɗarsa har suka sha kwana.

Ban tambaya ba. Na ga takardun magani a aljihun Baba.

Ya ce, "Kar ki faɗa mata tukuna." Na ce to. Rubutawa ba faɗa ba ne, tunda ba ki nan.

Goggo da ta ce dodo ne ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Litinin, da yamma

Bayan gida ya yi tsit. Talo-talonki yanzu duka duka ƙwan nan tara ne.

Laraba, ƙarfe huɗu

Na jira Firinsifal ta tashi cin abinci, na kwashi ƙwan a zani na shiga sito na ja ƙofa. Na haska su ɗaya bayan ɗaya da tocilar Baba. Umma, na gani. Duhu ne ya cika ƙwan, ga 'yan jijiyoyi ja a gefe, kuma a guda uku na ga abin ya motsa. Bakwai suna da rai. Biyu haske ya ratsa su fes, ba komai a ciki, na cire su. Na kajin huɗu duk suna nan da ransu.

Na mayar kafin ta gama shan ruwa. Ta dube ni da ido ɗaya kamar ta san an shiga ofishinta.

Goggo ta ce, "Me kike yi a sito a rufe?" Na faɗa mata duka, har da kuskuren. Na ɗauka za ta yi faɗa.

Ta ce, "Yanzu ke kaza za ki yi wa wayo? Kin ci jarrabawar lissafi ma tukuna?"

"Na ci, Goggo."

"To Allah ya sa ita ba ta ci ba."

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na kanga kunne a jikin akurki. Ana kuka a cikin ƙwai, siriri. Firinsifal tana amsawa ƙasa-ƙasa. Na shirya kwali da tsumma da kwalbar ruwan zafi. Allah ya taimake ni gobe ba makaranta.

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ki yi haƙuri da rubutun.

Na farko ya fito da hantsi. Na jira ya bushe, na zura hannu na ɗauko, ta sare ni sau uku. Na biyu da na uku haka. Na huɗu bai fito ba sai azahar. Duk na kai su ɗakina cikin kwali, na ɗauka an gama. Ashe tagar ɗakina bayan gida take kallo. Suna fara kuka ta miƙe tsaye. Ta fito daga akurki da gudu, gashinta a tashe, ta zo ƙarƙashin taga tana kira. Suna amsawa, tana kira. Na kama ta na mayar, ta fito. Na sake, ta sake.

Na taɓa ƙwan, sun fara yin sanyi. Sai na zauna a ƙasa a bakin akurkin. Ban san na yi kuka ba sai da Goggo ta zo ta tsaya a kaina.

"Tashi. Kukan naki zai ɗumama su ne?"

Ta kwance ɗankwalinta ta nannaɗe ƙwai bakwai a ciki, ta ce in kawo kwalbar ruwan zafi. Ta taɓa ta a kumatunta, ta ce ta yi zafi da yawa, in sirka. Ta rungume su a cinya ta rufe da mayafi, ta zauna a kan bokiti.

"Ga ni na zama kaza a tsufana. In kika faɗa wa wani sai na ci mutuncinki."

Sannan ta ce in ɗauke kwalin daga ɗakina in kai falo, can ta wajen titi, in rufe duk ƙofofi, in kunna rediyo da ƙarfi. Na kunna, ana sharhin ƙwallo. Na fito na saurara, ba a jin komai sai mai sharhi.

Firinsifal ta yi ta zagaye gidan kusan awa biyu. Ta leƙa bayan tanki, ta leƙa ƙarƙashin murhu, ta kira, ta kira. Ban taɓa jin kunyar dabba ba sai yau. Goggo tana kallonta, can ta ce a hankali, "Haka ake yi. A nema a nema, a gaji." Ta share fuska da bakin mayafi ta ce hayaƙi ne.

Da la'asar muka mayar da ƙwan, muka ɗora ta a kai, muka kife kwando. Ta tsaya a tsaye a kansu. Ina leƙe ta ramin kwandon har ƙafata ta yi sanyi. Ta juya ɗaya da baki. Ta juya wani. Sannan ta girgiza jiki ta kwanta.

Har yanzu tana kwance.

Lahadi, da safe

Tana kwance. 'Yan tsaki huɗu suna cin dusa a falo suna jin labaran duniya.

Litinin, ƙarfe uku da rabi

Na sa kayan makaranta, na cire, na ce yau ba za ni ba. Goggo ta ce, "Wa zai faɗa wa uwarki kin yi fashi saboda kaza? Ni? Wuce ki tafi." Da na dawo na same ta a kan bokiti a bakin akurki tana tsince wake. Ta ce Firinsifal ta yi yunƙurin fita sau ɗaya, ta yi mata magana ta mata da mata, ta koma.

Kazar ta rame, Umma. Ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa, zankonta ya koɗe. Ba ta son tashi ci yanzu. Na dafa ƙwai na marmasa da tsaba na ba ta a tafin hannuna. Ta ci, ba ta sare ni ba. Ban san ko daɗi zan ji ko tsoro ba.

Laraba, ƙarfe biyar

Kin dawo.

Na share gidan sau biyu, na tanadi maganganu da yawa. Baba ya riƙo ki ta gefe ɗaya, Goggo ta ɗaya gefen. Kin shafa kaina kin ce, "Kin yi tsawo." A tsakar gida kika ɗan tsaya kamar kina sauraron wani abu. Na san guɗar Janar ce ba ki ji ba. Kin dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Ba ki tambaya ba. Kin shiga ɗaki kin kwanta kin juya wa ƙofa baya.

Kina gida amma ga ni ina rubuta miki.

Juma'a, da yamma

Kin sha shayi rabin kofi. Ba ki fito ba. Na ce, "Umma, kaji suna gaishe ki." Kin ce, "To."

Gobe kwana ashirin da takwas.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ba komai. Na kanga kunne sau ba adadi. Goggo ta ce in bar kazar ta sha iska.

Wataƙila sanyin ranar nan ya gama da su. In haka ne, ni ce.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Sun fito, Umma. Biyar.

Da sassafe na ga ɓawo a gefen fiffikenta, mai ɗigo-ɗigo, ba na kaza ba. Na ɗaga fiffiken a hankali, ga wani dogon wuya yana rangaji. Kafin azahar sun zama biyar. Ɗaya ya huda ɓawo ya kasa ƙarasawa, ɗaya bai motsa ba ko kaɗan. Na binne su bayan tanki.

Na je na kama hannun Goggo na jawo ta. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Munin dai na ubansu ne." Ta tafi tana murmushi.

Baba ya zo ya tsuguna. Ya ce, "Ke kika yi wannan?" Na ce ni da Goggo da Firinsifal. Ya ce, "Kin faɗa mata?" Na ce tana barci. Ba barci kike ba, na ga idonki a buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa da maganar a bakina, sai na ga kamar ba daidai ba ne in shigo miki da labarin 'ya'yan da suka fito.

Litinin, ƙarfe huɗu

Ba sa ci. Firinsifal tana tona musu tana kira, su kuwa sun tsaya suna kallon sama kamar baƙin da ba sa jin yaren garin. Na kawo mata ɗan tsako ɗaya daga falo ko zai nuna musu, ta sare shi, ta manta nata ne. Na mayar da shi.

Ƙaramin cikinsu ya fara rufe ido a tsaye.

Talata, bayan magariba

Zan rubuta wannan a hankali don kar in bar komai.

Da na dawo makaranta na ce tunda ba za a kai malamai wurin ɗalibai ba, bari in kai ɗalibai wurin malamai. Na ɗebo biyar ɗin a zani, na ɗauko kwalin 'yan tsaki, na ajiye a lungun da ke gaban ɗakinki, don nan ne kawai iska ba ta shiga. Wallahi ba don ki ji ba ne. Ko kuma ban sani ba.

'Yan tsakin suka hau ci. 'Yan talo-talon suka taru a kusurwa suna kukan nan nasu mai hawa sama, sau uku uku.

Sai na ji muryarki daga ciki.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Wannan ba kukan tsako ba ne."

Na ji ƙarar gado, na ji kina jan takalmi. Kika fito kina dafa bango, kika tsaya a kan kwalin. Na ga leɓenki yana motsi, kina ƙirga.

Abin da kika fara cewa shi ne, "Wa ya sa musu ruwa a wannan kwano mai zurfi? So kike su nutse?"

Na ruga na kawo murfin gwangwani. Kika ce in zuba 'yan tsakuwoyi a ciki. Kika zauna a ƙasa, Goggo na cewa ƙasan da sanyi, ba ki ko dube ta ba. Kika ce in kawo dafaffen ƙwai da ganyen albasa, in yanka ƙanana ƙanana, in zuba a kan takarda. Kika riƙa ƙwanƙwasa takardar da farce. 'Yan tsakin suka rugo. Ɗaya daga cikin dogayen ya miƙa wuya, ya kalli yatsanki, ya kalli ɗan tsakon da ke gefensa, ya sara. Ya kuskure. Ya sake, ya samu. Kafin a jima huɗu suna ci. Ƙaramin kika ɗauka kika tsoma bakinsa a ruwa, kika ɗaga, kika sake, har ya haɗiye.

Sannan kika dubi 'yan tsakin da kyau. Fiffikensu ya riga ya fara fitowa.

"Waɗannan sun girme su."

"Eh, Umma."

"Rana ɗaya kika sa su."

"Eh."

"Ta tashi?"

"Ta tashi. Mun mayar da ita."

"Ku wa?"

Goggo ta ce daga bakin kicin, "Kar ki dube ni, ni wake nake tsincewa."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, kuma na shirya karɓa.

Kika ce, "Shekarar da na yi wannan kuskuren, takwas na sa. Ko ɗaya ban samu ba." Kika sake ƙirga su da yatsa. "Ke kin samu biyar."

Ban san inda zan sa idona ba.

Kin riƙe ƙaramin a cinyarki kin rufe shi da tafin hannu har aka kusa magariba. Ba wanda ya ce ki tashi. Baba ya shigo ya gan ki a ƙasa, ya tsaya, ya koma waje, na ji yana fyace hanci. Da za ki shiga ɗaki kika ce gobe a fito miki da kujera bayan gida, kina son ganin yadda na lalata miki akurki. Kika kuma ce a ba Firinsifal dafaffen ƙwai kullum har ta mayar da jiki.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Kin zauna a bayan gida awa guda. Kin ce toka ta yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan, kwanon kaji ya yi kusa da na ƙananan. Duk na gyara. Da maƙwabciya ta leƙo tana yi miki sannu, ta ce ashe an samu ƙyanƙyasa, na ji kin ce, "Ba ni ba ce, Auta ce." Ina bayan tanki, ba ki san na ji ba.

Ƙaramin ya ci da kansa.

Baba ya buɗe shago.

Kin ce kar in yi saurin murna, ba a ƙirga ɗan talo-talo a cikin dukiya sai ya yi wata biyu, jan nan ya fito masa a wuya. Kafin nan raɓa ma tana iya kashe shi. Na ji, zan kiyaye.

Yanzu zan mayar da littafinki jikin ƙusa. Na ci miki shafi goma sha shida ba da izini ba, kuma akwai wuraren da na rubuta abin da bai shafi kaji ba. In kin ga dama ki yage su, ba zan ji haushi ba. Abu ɗaya nake roƙo, kuma kin san da baki ba zan iya ba. Ina son in riƙa rubuta yadda biyar ɗin nan suke, har ranar da jan zai fito musu. Na bar birona a tsakiyar shafin nan. In kin yarda, ki bar shi a inda yake. In ba ki yarda ba, ki cire ki ajiye mini a kan taga, zan gane.